Gado da Sitiyarin Motar Tsere

Gado bai taɓa yarda da bakaniken da farcensa ke da tsabta ba. A Ƙofar Ruwa ta Kano ya koyi aiki, ya shekara ashirin a ƙarƙashin manyan motoci, kafin wani ɗan unguwarsu ya yi masa hanyar Doha. Nan ya faɗa hannun Abu Mish'al, wani attajiri a unguwar Rayyan mai gareji a bayan gida, inda ba a gyaran motar kowa sai tasa. Motoci shida ne, amma ɗaya ce 'yar lele: motar tsere, irin wadda ake saki a miƙaƙƙen layi ta cinye mita ɗari huɗu kafin mutum ya gama hamma. Tayoyin baya kamar turmi, na gaba sirara kamar na babur. An cire kujeru, an cire na'urar sanyi, har famfon da ke sauƙaƙa sitiyari an cire don kada ta yi nauyi.

Shekara tara yana kula da ita. Larabcinsa bai wuce yalla da khalas ba, kuma bai ga abin da ya rasa ba.

Da korona ta zo aka lulluɓe motar. Annoba ta lafa, maigida bai waiwaye ta ba. Gado kan tada injin duk Juma'a ya kashe, amma ba wanda ya motsa ta daga inda take. Sai da gasar kofin duniya ta matso, Abu Mish'al ya tuna yana da baƙi masu zuwa kallon ƙwallo, kuma yana so ya nuna musu dokinsa na ƙarfe. Ya shiga zai fito da ita, sitiyari ya ƙi. Ya sa hannu biyu ya murɗa har agal ɗinsa, baƙar igiyar da ke riƙe mayafin kansa, ya faɗo. Da ya kai ta filin tsere a hakan, ta miƙe ta yi gudunta lafiya, amma wurin juyowa a hankali sai da mutum biyu suka taya shi, mutane na kallo.

Takardar zaman Gado kuwa a watan nan za ta ƙare, kuma sai kafil, wato maigidan da ya ɗauke shi aiki, ya sa hannu ake sabuntawa. Abu Mish'al ya ce ranar Alhamis baƙi za su iso. In mota ba ta gyaru ba, akwai bakanikai a duniya.

Wanda ya fassara masa wannan magana Garzali ne, direban gidan, ɗan Kano kamarsa. Garzali ya iya Larabci, ya iya turare, ya iya riƙe waya. Tun da ya fara kallon bidiyon gyaran mota ya zama masani. Shi ya ba tayoyin gaba iska har suka yi tauri kamar dutse. Shi ya sa maigida ya yi odar sabon akwatin sitiyari, aka ɗaura, ba abin da ya sake. Yanzu kuma ya ce sai an sa wa motar sitiyarin lantarki.

"Baba Gado, zamani ya wuce sifana," in ji shi. "Wani Bature na gani, minti goma ya gama."

"To Injiniya, kira Baturen. Ni miƙo min jak."

"Rigata fara ce, Baba."

"Na gani. Ita kaɗai ke aiki a jikinka."

Gado ya ɗaga gaban motar da kansa, tayoyi suka bar ƙasa. Ya murɗa sitiyari: nauyin na nan. Ashe ba taya ba ce, ba kuma saitin ƙafa ba. Ya kwance tayarod dama da hagu, sandunan da ke haɗa tayoyi da akwatin sitiyari, ya tura kowace taya da tafin hannu, suka juya sumul. Ya koma ya murɗa sitiyari, har yanzu kamar mai jan saniya daga rijiya. Akwati sabo ne. Saura abu ɗaya, gaɓar da ta haɗa sandar sitiyari da akwatin, can ƙasa inda mai farar riga ba ya leƙawa. Ya kwanta ya haska. Tsatsa ta cinye ta, ga wani farin gari ya bushe a kai. Ya lakato ya sansana.

"Injiniya, wata huɗun da aka kulle ni a masaukin ma'aikata lokacin korona, me kuka yi wa motar nan?"

"Kula da ita muka yi. Maigida ya ce a feshe komai da ruwan bilic, safe da yamma. Ni da hannuna nake feshe ta, har ƙarƙashi."

"Mota ce za ta yi tari?"

Garzali ya kakkaɓe farar rigarsa. Ya dai ce in maigida ya zo a bar shi ya yi bayani, shi ya san yadda ake magana da manya.

Gado ya san irin bayanin. Ya cire gaɓar, ya ɗauko wata a cikin tarkacen da ya hana a zubar, ya cika ta da giris ya ɗaura. Ran Laraba da la'asar Abu Mish'al ya shigo, Garzali ya tare shi da Larabci kamar an buɗe famfo. Gado ya ratsa ta gabansa, ya kama hannun maigida, ya dire masa ƙarfen nan mai tsatsa a tafi. Ya je lungu ya jawo tankin feshin da ke jingine tun korona, ya ajiye a gaban takalminsa. Ya nuna ƙarfen, ya nuna tankin.

Abu Mish'al ya dubi tankin ya daɗe. Ya san bakin da ya ba da umarnin. Ya shiga mota, ya sa yatsa biyu, sitiyari ya tafi har ƙarshe ya dawo. Bai ce sannu ba, Gado ma bai jira ba.

Da safe Garzali ya kawo takardar zaman da sa hannu a kai, yana murmushi.

"Ka ga yadda muka shawo kanta, Baba?"

Gado ya goge hannu, ya duba sa hannun sau biyu, ya ninke ya sa a aljihu.

"Matsa, Injiniya. Ka tare min haske."