Abin da ke Sauko wa Zabin Jaye daga Sama

In ka sauka a garin nan da ke tsakanin Agiye da Cadawa ka tambayi Jaye gardi, sai a tsaya ana kallonka. Amma ka ce Sarkin Zabi, ko mai tuyar ƙosai za ta nuna maka bayan gidan likita da tsinken hannunta.

Jaye ɗan makiyaya ne. Da sanda a kafaɗa ya girma, yana bin shanun ubansa, har fari ya zo ya share garken. Ya shigo gari da matarsa Dija da Hausar da ba ta gama miƙewa ba, aka ba shi gadin gidan likita. Kowa ya ɗauka ya haƙura. Ba su sani ba, mutumin da ya saba jin ana cewa "shanun wa ke nan?" ba ya iya rayuwa ba a tambayi komai nasa ba. Sai ya sayi zabi.

Kuma zabin suka yi abin da zabi ba su saba ba: suka yi ƙiba. Na mutane sai tsere da kuwwa, na Jaye kuwa tafiya suke kamar matan alhazai sun fito biki. In an tambaye shi abin da yake ba su, sai ya ɗaga yatsa ɗaya, ya lumshe ido.

"Abin da ke saukowa daga sama."

Daga nan ba ya ƙarawa. Gari ya yanke cewa laƙani ne na kakanninsa. Wani ya riƙa tarar wa nasa ruwan indararo. Wani ya koma watsa musu gero a kan soro, har shaho ya gode masa. Duk wanda nasa suka rame, kansa yake zargi.

Jaye kuwa bai yi ƙarya ba. A bangon baya na gidan likita akwai doguwar fitilar neyon. Da magariba ta yi sai ya kunna ta, ya tura ƙatuwar roba da ruwa a ƙarƙashinta. Fara, gyare, shinge, duk ƙwaron da ke da fiffike sai ya zo gaishe da fitilar, ya bugu, ya faɗa ruwa. Da safe zabi su yi walima. Na damina da ya yi yawa Dija ta shanya, ta ɗure a buhu saboda rani.

Matsalar neyon ita ce balas, wani ɗan ƙarfe mai nauyi da ke ɓoye a gindinta. In ya ƙone, fitila ta mutu. Ranar da na Jaye ya ƙone, ya aika har Maraɗi aka ce an daina kawowa. Sai ya tuna ɗakin ajiya ba mai shiga da dare, ya ɗauko sukudireba, ya kwance na fitilar can. Da wannan ma ya ƙone, ya tuna ban ɗaki kowa ya san hanyarsa. Bayan nan baranda. Ɗakin haihuwa dai bai taɓa ba, yana da tsoron Allah. Amma da abin ya kai buro, wato ofishin Majo Salima, shugabar gidan, sai ta gaji da duba allura da tocilan waya, ta yi ta zirga-zirga har wata ƙungiya ta ba su sola da ƙananan fitilun zamani.

Jaye ya ji labari, ya same ta da hula a hannu.

"Majo, farar wutar nan an ce tana sa ciwon kai."

"Baba Jaye, tun yaushe ka fara duba marasa lafiya?"

"Ai ko ta cikin gida kawai a canja. Ta baya lafiyarta lau."

"Ni ma abin da ke ba ni mamaki ke nan," in ji ta. "Duk gidan, in ka cire ta ɗakin haihuwa, ita kaɗai ba ta taɓa ciwo ba."

Ya maida hularsa kai, ya fice.

Rashidu mai gyaran wuta ya zo daga Agiye, ya jera farantan sola a kan rufi, ya sauke dogayen fitilun duka. Gidan likita ya yi fes, mata suna ta guɗa. Washegari Jaye ya leƙa robarsa, ya tarar da gyare uku da wani ƙwaro da ko zabo ya kalla ya wuce. Sabuwar fitilar haske gare ta, amma ba ta da farin jini.

Buhun Dija ya ƙare. Zabi suka fara tuna asalinsu, wuya ya yi tsawo, ƙafa ta yi sauri. A bakin masallaci wani ya ce, "Sarki, lafiya? Ko saman ta rufe ne?" Aka kwashe da dariya. Jaye ma ya yi, amma da ya koma gida bai taɓa tuwo ba.

"Ka faɗa musu gaskiya mana, Malam," in ji Dija. "Ƙwari ne fa, ba zinari ba."

"Ke, in kowa ya sani, ni wane ne?"

"Gardi."

"To, kin ji."

Ranar da Rashidu ya dawo kwashe tsofaffin fitilun, Jaye yana zaune gindin iccen bedi da la'asar. Rashidu ya buɗe ta farko, ya leƙa, ba balas. Ya buɗe ta biyu. Ya buɗe ta buro. Sannan ya ɗaga ta bangon baya, ya ji nauyi. Ya dubi siminti, ga zoben gindin roba ya kwanta, ga busassun fikafikai a lungu. Ya zo ya zauna kusa da Jaye ba tare da an ce ya zauna ba.

"Baba, ɓeran gidan nan da sukudireba yake yawo."

"Ɓerayen yanzu sai addu'a, ɗana."

"Kuma yana son wanka ƙarƙashin fitila."

Jaye ya duƙufa gyaran takalminsa.

"Ni ba ruwana da kai ƙara," in ji Rashidu. "Solar nan za ta ɗauki neyon ɗaya in na bi ta da dabara, kuma ina da balas biyu a jakata. Majo zan ce mata fitilar na janye ƙwari daga ɗakin marasa lafiya, ba ƙarya ba ne. Sai dai ni ma ina da zabi. Matata na cewa ko mi na taɓa yana kamawa, ban da su."

"Sai mi?"

"Sai roba biyu."

Jaye ya dubi garkensa suna tonon ƙasa. Da a ce Rashidu zabo goma ya nema, da tuni ya kama masa. Amma rabin sama?

"Bakinka fa?"

"Ɗinke."

Neyon ta koma bango, zabi suka koma tafiyar matan alhazai. Kullum da safe ɗan kabu-kabu na kai wa Rashidu wani bokiti a rufe. Ranar kasuwar Cadawa Jaye ya hango mutane sun kewaye Rashidu da zabinsa, suna tambaya, shi kuma ya ɗaga yatsa ya lumshe ido. Abin ya soki Jaye har ƙahon zuciya. Ya kutsa ya dafa masa kafaɗa, ya ɗaga murya.

"Yerimana ne. Ni na ba shi, don na ga yana da ladabi."

Rashidu ya buɗe baki, ya tuna ɗinki, ya rufe.

Tun daga ranar Jaye ba Sarkin Zabi kawai ba ne, sarki ne mai naɗi. Roba biyu na nan ƙarƙashin fitila kamar yadda aka yi alkawari. Sai dai kowace magariba, in ya gama zuba musu ruwa, yakan sa gefen ƙafa ya ɗan matsar da ta Yerima zuwa wajen duhu.