Gyaran da Yayan Matata Ya Yi wa Faifaina

A ƙarshen shekarun saba'in ina aikin kafinta a kasuwar Katako, cikin Jos. Wani malami baƙar fata ɗan Amurka da ke koyarwa a Kuru zai koma gida, na haɗa masa akwatunan zuba kaya. Ranar da na kai masa, sai ya zaro faifan garmaho ɗaya ya ba ni. Jaz ne, amma ba irin wanda muka saba ji a rediyo ba. Jita mai kaurin murya ce ke riƙe da kiɗan, gangunan konga irin na mutanen Kuba suna zagaye ta, ƙaho yana shiga yana fita. A tsakiyar kowace waƙa kiɗa yakan lafa, wani mutum ya hau karanta baitoci da Turanci. Ba rerawa yake ba, magana yake, kamar wanda aka ɓata wa rai yana ƙoƙarin haɗiyewa.

Muryar nan ce ta kama ni. Turancina na firamare ne, nasa kuma ta hanci yake fitowa. Kullum na dawo gida Tudun Wada sai in wanke hannu, in hure allurar garmaho, in zauna. Yau in tsinci kalma, gobe in tsinci layi. Na gane yana maganar mahaifiyarsa da wani jirgin ƙasa da ta hau, amma ban kai ga abin da ya same ta ba, kuma shi nake son sani. Na zaga shagunan faifai na Jos kaf, babu mai irinsa.

Yayan matata kuwa mai ba da hayar lasifika ne, shi ke saka kiɗa a bukukuwan unguwa, na Musulmi da na Kirista. Wata Asabar ya shigo ya tarar gangunan suna tashi.

"Oga kafinta, wannan kiɗa ya yi! Ba ni aro, akwai fati gobe."

Wa ke hana yayan matarsa abu, balle wanda ya tsaya masa lokacin neman aure? Na miƙa masa ina yaƙe. Iyakar abin da na iya faɗa shi ne ya riƙa kama shi ta gefe.

Gobe ta zama makonni. Da ya kawo shi wata la'asar, wari ne ya fara yi min sallama. Kwalin faifan ya jiƙe sharkaf da man tsire, gefe ɗaya ya ƙone, da gani an yi fifitar garwashi da shi. Na zaro faifan da yatsu biyu. Shatin hannuwa ne ko'ina, yaji ya cushe a cikin layukan, wani abu mai kama da busasshen kunu ya manne a tsakiya da gashi a jikinsa. Ƙuda ya biyo shi har ɗakina. Duk wannan ruwa da sabulu za su iya, na ce a raina. Sai na karkata shi wajen haske, na ga wasu fararen zane masu zurfi, an ja su a karkace, a natse, daidai wuraren da kiɗa ke lafawa.

"Ka gani ko? Na gyara maka shi," in ji Yaya, yana sakace haƙori. "Wannan mutum surutu ya yi masa yawa. Mutane suna rawa, shi ya tsaya wa'azi, fili ya watse. Na sa ƙusa na ja wa allura hanya. Yanzu yana tsallakewa direk zuwa ganga. In ya yi gardama, ɗora wa allurar kwabo a kai."

Da kansa ya ɗora shi a garmahona don in ga aiki. Ganguna suka yi ƙasa, mutumin ya buɗe baki, ya faɗi rabin kalma, sai ƙarrr, ganguna suka dawo. Yaya ya tafa. Ƙazantar kwalin ba ta kai wannan tafin ƙyama ba a wurina. Mutum ya zauna da ƙusa ya yanke wa wani harshe, kuma yana jiran tukwici!

Matata tana bakin ƙofa riƙe da ludayi, idonta a kan bakina. Ta san abin da ke ciki, ta kuma san in ya fito, kafin magariba yana gidan iyayenta.

"Sannu da ƙoƙari, Yaya," na ce. "Riƙe shi kawai, na ba ka."

Ba kyauta ba ce, kwana da shi a ɗaki ne ba zan iya ba. Amma Yaya ya je ya shaida wa surukaina bai taɓa ganin mai hannun kyauta irina ba, har surukata ta aiko min da kwanon gwate. Ban iya ci ba.

Shekarar nan duka, kowane biki aka yi a Tudun Wada, ina daga ɗakina nakan ji mutumin ya ja numfashi zai faɗi abin da ya sami mahaifiyarsa. Sai allura ta tsallake, mata su rangaɗa guɗa.