Sa'id Madu, Mai Gyaran Bindigar da Aka Ce Ta Cije

An haifi Malam Sa'id Madu a shekarar 1966 a unguwar Hausari, cikin birnin Maiduguri. Mahaifinsa, Madu, maƙeri ne mai gyaran kwaɗo da sakatar ƙofa. Mahaifiyarsa, Siddiƙa, tana sarin busasshen kifi tana kasawa a ƙofar gida.

Karatu

Ya sauke Alƙur'ani a 1979, ya kuma kammala makarantar koyon sana'a a 1985, inda malamansa suka shaide shi da taurin kai iri ɗaya tak: ba ya yarda abu ya lalace sai ya kwance shi ya ga wurin da idonsa.

Aiki da aure

A 1987 ya shiga ɗaya daga rundunonin tsaro, aka horar da shi gyaran makamai, aka kuma danƙa masa ma'ajiya. A 1992 ya auri Aisa, 'yar maƙwabtansu, suka zauna a Mairi, Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu. Shekara talatin yana wannan aiki babu wanda ya taɓa ɗaga masa yatsa.

Zuwan manyan fistol

A 2017 aka kawo wa rukuninsu, wanda ke rakiyar motocin kifi a hanyar Baga, wasu bindigogin hannu masu babban harsashi, irin waɗanda ke ɗora wa kansu sabon harsashi bayan kowane harbi. Ba a jima ba ƙorafi ya yi yawa cewa suna cijewa. Malam Sa'id ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya duba sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke mayar da ƙarfe mazauninsa, ya duba gidan harsashi, ya duba 'yar ƙugiyar da ke fizgo kwanso, ya wanke ya sa mai, bai sami aibu ba. Daga bisani ya gane cewa matsalar ba a ƙarfe take ba. Ita wannan bindiga da ƙarfin shurin da take yi baya take tofar da kwanso ta ɗauko wani harsashin. Idan wuyan hannun mai harbi ya yi sako-sako, sai ƙarfin ya zube a hannu, kwanso ya maƙale a baki. Ya yi ta nanata wannan har aka laƙaba masa suna Malam Riƙe-da-Kyau, shi kuwa ko a jikinsa.

Al'amarin Kofur Mahfuz

A watan Maris na 2018, wurin gwajin harbi, bindiga ta cije a hannun wani matashi, Kofur Mahfuz, sau da yawa a jere. Malam Sa'id ya karɓa ya harba, ta tafi sumul. Da ya kama wuyan hannun Mahfuz, sai ya ga ya cije leɓe. Ashe faɗuwa ya yi daga kan motar kifi ya karye, ya tafi wurin mai ɗori a ɓoye, don kada asibiti su sa a cire shi daga rakiya. A ranar Malam Sa'id ya sami shugaban rukunin ya roƙe shi a hutar da Mahfuz har hannun ya warke. Shugaban ya ce ba shi da isassun mutane, ya kore shi da wasa.

A watan Afrilu aka yi wa ayarin kwanton ɓauna. Mahfuz ya yi harbi ɗaya, bindiga ta cije, aka sami gawarsa kwance da ita a hannu, kwanso tsaye a bakinta.

Kwamitin bincike

A gaban kwamitin da aka kafa ne aka yi wa Malam Sa'id, bawan Allah, abin da har gobe ba shi da daɗin faɗa. Da aka tambaye shi, ya faɗi gaskiya ba kwana-kwana, cewa bindiga lafiyarta ƙalau, hannun mamacin ne ya gaza. Wallahi kamar ya zagi uwar kowa a ɗakin. Aka ce ba shi da tausayi, mutum ko arba'in ba a yi masa ba yana ɗora masa laifi don ya wanke kansa. Shugaban da aka gaya wa a fili ya rantse bai taɓa jin maganar karaya ba. Malam Sa'id ya nemi a tambayi Fanna, matar marigayin, aka ce mai takaba ba a tsayar da ita gaban maza, kuma ba a sami ko mace ɗaya da za a aika ba. Ya nemi a ba kowane mai lafiyayyen hannu bindigar ya harba a gabansu, aka ce ai an rufe ta a matsayin shaida. Shaidar da aka hana ta magana! A watan Agusta aka sallame shi bisa laifin sakaci, kuma abin da ya fi ci masa rai ba aikin ba ne, sunansa ne, domin daga ranar unguwa ta san shi da wanda bindigarsa ta ci Mahfuz.

Shekarun ƙarshe

Ya koma maƙerar mahaifinsa a Hausari yana gyaran kwaɗo da injin markaɗe. Mutanen da a da suke durƙusawa su gaishe shi suka koma ɗaga masa hannu daga nesa. Bai taɓa janye maganarsa ba, ko da abokan arziki suka ba shi shawarar ya ce kuskure ne a wuce wurin. Ya ce ba zai yi wa ƙarfe ƙarya ba, balle kansa. Duk da haka, bayan Fanna ta fita takaba, ya hana Aisa zuwa ta tambaye ta, yana cewa marainiyar Allah ta sha abin da ya ishe ta. Hawan jini ya kama shi a 2021, ya yi ta fama.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar wata Talata a watan Yuni na 2024, yana da shekara hamsin da takwas. An yi masa sallah a ƙofar gidansa da ke Mairi bayan azahar, sahu bai kai uku ba, kuma daga tsohon rukuninsa babu wanda ya leƙo. Maza na fita da makara sai ga Fanna ta shigo cikin mata, ta durƙusa gaban Aisa tana kuka.

"Yaya Aisa, ki yafe mini. Ni ce nake ɗaure masa hannun da tsumma kullum da safe, ya ja hannun riga ya rufe. Ranar ma ni na ɗaure. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Aisa ta dube ta, ta nuna ƙofa.

"Ba ni za ki gaya wa ba, Fanna. Mai jiran maganar nan yanzu aka fita da shi."

Ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: Umar Faruk, malamin makaranta, Rashida, ma'aikaciyar jinya, Ammatullahi, ɗaliba a jami'a, da autansu Habib, wanda ya gaji maƙera. Har yau ba a goge laifin sakacin daga sunan mahaifinsu ba, kuma har yau bindigar tana kulle, ba wanda ya harba ta. Allah ya jiƙansa, ya bi masa haƙƙinsa.