Shafin da gara ta cinye

Ina ɗinke bakin buhun albasa a tashar Madawa waya ta yi ƙara. Mama Rahila ce, matar Baba Ayuba. Ta ce, "Sani, babanka ya tahi da sahe." Na ce ina ya tafi? Ta ce ya rasu. Wata biyu ke nan rabona da gidansu, kuma ni ne mai fushin.

Baba Ayuba ba shi ya haife ni ba, kuku ne a asibitin mishan har tsufa ya sauke shi. Wata likita da za ta koma ƙasarsu ta bar masa wasa a kwali: allo mai gida-gida, 'yan mayaƙa na roba, dodo mai fukafukai, da ɗan littafin doka da Faransanci. Ni daga aji uku na bar lakwal, wato makarantar boko. A littafin nan na koya wa kaina karatu, kalma bayan kalma, wai don kada tsoho ya cuce ni. Bai taɓa cutata ba. Shayi ma shi ke dafawa, ya jira in idar da la'asar kafin mu zauna.

Sai dai gara ta cinye rabin shafin da ke maganar tafiya da hari. Abin da ya rage ya ce mayaƙi yana da taku huɗu da sara ɗaya. Ko zai iya sara sannan ya ƙarasa takunsa ya tsere, wannan yana cikin gara. Ni nakan yi ta juya littafi ina masifa. Shi kuwa sai ya saɓi hauya, ya taka tsakar gida, ya sari ƙasa, ya tsaya yana haki. "Ka gani, ɗana? Wanda yas sara tsayawa shikai. Ƙarhin ya tahi ga hannu."

Ranar ƙarshe mayaƙina ya yi taku biyu ya sari dodo, ran mayaƙin nawa kuwa saura ɗaya. Na kai hannu zan ja shi baya. Baba ya ce a'a. Na ce, "Wanga doka ce ko ciwon gwiwarka? Don kai ba ka iya gudu sai kowa ya tsaya?" Haka na faɗa wa mutumin da ya girmi ubana. Na fita na bar shayina.

Bayan an dawo daga rufe shi, Mama ta kai ni rumfa ta ɗaga zane. Allon na nan yadda na bar shi. Ta ce kullum da marece yakan ɗauki hauya, ya sara, ya gwada ja da baya, ita tana faɗa. Satin da ya wuce ya samu taku biyu, ya zauna yana dariya yana tari. Ya ce mata, "Ashe ana iyawa. In Sani ya zo shi ƙarasa takunai."

Ban zo ba. Yanzu an ba ni gaskiya, kuma babu wanda zan yi wa gardama. Na daɗe tsaye, ban taɓa mayaƙin ba. Na mayar da zanen, na bar shi gaban dodo inda Baba ya ce ya tsaya.

Allah ya jiƙan Baba Ayuba, ya yi masa rahama fiye da haƙurin da ya yi da bakina. Allah ya ba Mama Rahila da 'ya'yanta juriya, ya tsare musu gida. Ni kuma Allah ya yafe mini wata biyun nan.