Malam Iro da Akwalar Babur Ɗina

Duk wanda ya zauna da Malam Iro a Daura ya san ba a faɗa masa lamba tsirararta. Ka ce "biyar", sai ya zare ido: "Biyar me? Awaki?" Ya yi ritaya daga koyar da fiziks, ya dawo yana koya mana karatu a ajin manya na yamma, mu da furfurarmu.

Alli kuwa, tsimi! Sai ya murje shi har yatsa na karce allo. Na taɓa sayo masa kwali guda, ya ce, "Sale, ƙasar Allah ta ƙare ne?" Ya fita da mu waje, ya ci gaba da rubutu da sandarsa.

Da 'yata Hadiza ta faɗi fiziks a makaranta, ta rantse ta bar ajin kimiyya, ga shi burinta aikin jinya. Na kai ta wurinsa tana kumbure-kumbure. Ko takardarta bai duba ba.

"Tayar da babur, Sale."

Muka hau hanyar Mai'adua, shi a bayana riƙe da agogo, ita tana tsaye a bakin titi. Daga tsaye, allurar auna gudun babur ta kai kilomita talatin da shida a awa cikin sakan biyar. Muka juyo, ya faɗa mata lambobin.

"To, 'yar nan, nawa gudun ke ƙaruwa?"

Ta raba talatin da shida gida biyar, ta ce bakwai da ɗoriya.

"La ilaha! Da akwalar ubanki na haka, da yanzu muna shan fura a Damagaram! Kin zuba awa da sakan a tukunya ɗaya. Mai da shi mita a sakan tukuna."

Ta tsuguna ta zana a ƙasa: mita goma a sakan. Ta raba. "Baba, mita biyu a sakan, a kowane sakan!"

Na ce, "Malam, babur ɗina fa ba akwala ba ne."

"Yi shiru, lissafi ya tona maka asiri."

Hadiza ta ci jarrabawa, yanzu tana makarantar jinya. Na kai masa albishir yana kwance ba lafiya. Na zaci zai yaba mini, sai ya ɗago kai da ƙyar: "Ita ta wuce. Kai kuma jiya ban ji ka je aji ba."

Tun ranar ban sake fashi ba.

Allah Ya haskaka kabarin Malam, Ya yi masa sakayya da abin da ba ya aunuwa. Amin.