Rufin Gidan Hadijatu Mai Garau-garau

Ni birkila ne, sunana Sale. Na daɗe ina ɗora bulo a Abuja, kuma ban ga wadda ta ciyar da ma'aikatan gini kamar Hadijatu ba. Mu ɗin nan da ta ciyar, mu ne muka kusa hallaka mata jika da sunan taimako. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

'Yar Zariya ce. Ta zo Abuja da mijinta, direban tifa, suka kama hayar ɗaki a wajen Idu. Da ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Rabi'atu, sai ta ƙi komawa gida, ta sayi tukwane biyu ta fara dafa garau-garau. Ana cikin haka farar hula suka dawo mulki, gini ya ɓarke a ko'ina. Duk inda ka juya a unguwar Gudu tifa ce ke sauke yashi, ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa kowa na son ya ga nasa ya tashi kafin na maƙwabci. Hadijatu ta kafa rumfa a gefen kasuwar Gudu, kusa da inda muke aiki. Rana na take tsaka za ka gan mu mun jeru a kan bencinta, fuskoki fari fat da siminti, tana zuba shinkafa da wake da mai da yaji. Mama muke ce mata, Musulminmu da Kiristanmu.

Halinta ɗaya ne ya dame ni tun farko: ba ta iya cewa mutum ya yi ba daidai ba. Lebura zai fasa mata kwano, ita ce mai ba shi haƙuri. Wani ya ce gishiri ya yi yawa, alhali ƙalau yake, sai ta ce gobe za ta gyara. Mutane suna yabon wannan hali. Ni na sha gaya mata wata rana zai ja mata.

Shekarar da rusau ya bi ta unguwarsu, tana rumfa aka zo aka gaya mata katafila ta shigo layinsu. Edward ne ya goya ta a babur ɗinsa suka ruga. Edward kafinta ne, mutumin Filato, mai fara'a da baki kamar rediyo. Shi ya kutsa cikin ƙura ya fito mata da katifa da akwati da ƙyauren ƙofa, katafila na rushe gidan da ke jikin nata. Wannan ya yi, ba na musu. Tun daga ranar ba ta sake ganin laifinsa ba.

Bayan ta gama rakuɓe-rakuɓe a ɗakunan mutane, ta samu ɗan fili a Tungan Maje, can gaba da Zuba. Ranar da ta faɗa mana, benci ya kaure.

"Mama, ke dai ki sayi siminti da kwano," in ji wani. "Hannu namu ne."

"Gayya za mu yi miki," in ji Edward, yana buga cokali a kwano. "Kowace Lahadi. Wanda bai zo ba, kada ki ƙara zuba masa wake."

Gayya a ƙauye aba ce mai kyau, a taru a nome wa mutum gona a tashi. Gini ba haka yake ba. Waɗanda suka fi ɗaga murya a benci, ko sau ɗaya ban ga ƙeyarsu a Tungan Maje ba. Waɗanda suka zo kuma, yau wannan gobe wancan. Wanda ya ja igiya a wannan Lahadin ba shi ne zai ɗora a kai Lahadi mai zuwa ba. Kowa ya zo sai ya duba aikin na baya ya taɓe baki, ya ci gaba a kan karkatar, don ba nasa ba ne. Ba wanda za ka kama ka ce kai ne ka yi. Duk mai son gina gidansa ya ji wannan: a samu mutum ɗaya da aikin ke wuyansa daga tushe har rufi, wanda in bango ya karkace an san ƙofar da za a buga.

Ga kuma ruwa. Bulon da aka ɗora yau yana son a jiƙa shi safe da yamma na 'yan kwanaki, in ba haka ba simintin ya bushe bai kama ba, ka murza shi da yatsa ya zube. Mu mu ɗora ranar Lahadi mu watse, Litinin da asuba Hadijatu tana kan hanyar Gudu da tukwanenta. Wa zai jiƙa? Da na ga haka na sa ta roƙi matar maƙwabcinta ta riƙa watsa ruwa. Wannan kam ta ji, don ba wanda zai ji kunya a ciki.

Da ginin ya kai kan taga na ce sauran nawa ne, kowa ya tsaya. Na rushe inda ya karkace na gyara. Na zuba linta, wato kankaren saman ƙofa da taga, ta zagaye ɗakuna biyun da muka gina, na ƙarasa bulon sama, na bar siraran rodi suna fitowa daga cikin kankare tsaye, a kowace kusurwa da tsakankani. Amfaninsu ɗaya ne. Kafinta zai kwantar da katako a kan bango, ya lanƙwaso rodin ya rungume katakon, ya danne da ƙusa. Shi ke ɗaure rufi da gini. Iskar farkon damina a wannan gari ba ta wasa, tana shiga ta ƙarƙashin kwano ta ɗaga sama. Rufin da ba a ɗaure ba hula ce kawai aka ɗora.

Hadijatu tana sauri. Rabi'atu ta yi aure a Gwagwalada, cikinta ya tsufa, kuma haihuwar fari a gaban uwa ake yi. Ba ta son 'yarta ta zo wankan jego a ɗakin aro. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Lahadin da Edward ya sa don rufi ban samu zuwa ba. Muna zuba kankaren hawa na sama a wani bene, aikin da in an fara ba a tsayawa. An gaya min sai da aka tashi coci ya iso da abokansa, rana ta yi tsaka. Ya ce zai yi mata rufi mai tsini irin na manyan unguwanni. Suna waƙa suna buga ƙusa, kafin magariba sun rufe. Hadijatu ta yi kuka don murna, ta yanka musu kaji.

Da na je na hau kan duro na leƙa ƙarƙashin kwanon. Rodin da na bari duk an buge su da guduma sun kwanta a jikin bango, ba ɗaya da ya taɓa katako. Sun tare musu hanya ne, lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya kuma zai ci lokaci, su kuma yini ɗaya suka ba ta. Sai suka kafa katakon a kan bulo da ƙusa.

Na sauko na ce, "Mama, rufin nan ba a ɗaure yake ba."

"Kamar yaya, Malam Sale? Ga shi nan daram."

Na nuna mata. Na ce dole a cire kwanon bakin-bakin a ɗaure, sannan a mayar. Aikin yini guda ne.

Ta murza bakin mayafi. "In aka cire, Edward zai ji."

"Ya ji mana. Shi ya yi."

"Mutumin da ya bar hutunsa ya zo ya hau min rufi cikin rana? Ko sisi bai karɓa ba. Da wane baki zan ce masa bai yi daidai ba?"

"To ni zan hau in gyara."

"Wallahi ban yarda ba. Ya ji an ce ka warware aikinsa, ina zan sa fuskata?"

Gidanta ne, ba zan hau rufin mutum da ƙarfi ba. Amma washegari a rumfa, yana zaune yana cin abinci, na faɗa masa a gaban kowa.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Oga Sale, kai dai ka tsaya a bulonka. Ƙusar kankare na sa. Nauyin katakon nan kaɗai, ko giwa ba za ta ɗaga ba."

"Iska ba giwa ba ce. Ta ƙasa take shiga."

"Mama, kin ji shi? Tsufa ya fara kama birkilanki, tsoron iska yake."

Aka kwashe da dariya. Na juya wajen Hadijatu ina jira ta ce wani abu. Gidanta ne, 'yarta ce za ta kwana a ciki. Ta ɗauki ludayi ta ƙara wa Edward tsoka ɗaya a kwano, ta ce, "Malam Sale, ci abincinka, zai huce." Na ajiye cokali na tashi.

Rabi'atu ta zo, ta haifi namiji. Ba ta yi arba'in ba ruwan farko ya sauka. Da la'asar ne, Hadijatu tana Gudu. Rabi'atu ta ce min tana zaune bakin katifa tana ba yaron nono, sai ta ji kwano yana numfashi, yana ɗagawa yana sauka. Sai haske ya shigo ta kusurwa. Ta rungume yaron ta yi ƙofa, tana kaiwa bakin ƙofa rufin ya tashi gaba ɗaya, da katakonsa da komai. Bulon da ƙusoshin suka ɓalle ya zubo a kan katifar, daidai inda ta tashi. Rufin kuwa a gonar rogon wani aka same shi, a nannaɗe.

Washegari da sassafe na isa. Hadijatu tana tsaye a tsakar ɗaki, ruwa har idon sawu, tana kallon bulon da ke kan katifa. Rodina suna nan kwance a jikin bango yadda aka bar su, ba wanda ya motsa.

Can sai ga Edward a babur. Ya cire hula, ya tafa hannu. "Kai, Mama, sannu. Ikon Allah ke nan. Irin wannan iska, ko gidan minista ne sai ta ɗauke."

Ta fito ƙofa ta nuna masa layin da hannu. Gidajen maƙwabta duk da rufinsu, har da wani tsohon kango mai tsatsar kwano. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"Edward, ranar Laraba za ka zo. Da safe, ba da rana ba."

"Mama, Laraba ina da aiki. Lahadi dai."

"Laraba."

Ta rufe rumfa, abin da ko rasuwa ba ta cika sa ta yi ba. Mutanen Gudu suka ci burodi da ruwan leda, ni kuwa ban ji tausayin kowa ba. Ta sayi sabon katako, muka miƙe kwanon da zai miƙu. Ta ce ba ta son tsini, a yi shi ƙasa-ƙasa. Na gyara bulon sama, Edward ya kwantar da katako. Kafin ya ɗora kwano ko ɗaya, ta ɗaure zani tamau ta ce a kawo tsani. Mace mai jika, mai ciwon gwiwa, ta hau. Ta bi bangon nan muna matsar mata da tsani, duk rodin da ta iso sai ta kama ta jijjiga. A kusurwar baya ta samu wanda Edward ya ɗan lanƙwasa kawai bai rungume katakon ba.

"Wannan fa?"

"Ya kama, Mama."

"Bai kama ba. Ga yatsana yana shiga."

Fuskarsa ta canza. Abokansa suna ƙasa suna kallo. "Yanzu ni za ki koya wa aiki? Kyauta fa nake yi miki."

"Na sani. Na kuma gode, har gobe ban manta da ranar rusau ba. Amma jikana ne zai kwana a nan. Ka buga shi, ko ka sauka in kira wanda zan biya, in ya ɓata in yi masa faɗa."

Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya ɗaga guduma ya buga, da ƙarfin da ya fi wanda ake bukata. A haka ya gama rufin. Ta zuba masa abinci, ya ce ya ƙoshi, ya tada babur.

Damina da yawa sun wuce a kan wannan rufi, ko ƙusa ɗaya ba ta ɗaga ba. Yaron har ya shiga makaranta. Edward bai sake zama a bencinta ba. Yana wucewa ta gaban rumfar da rana, ya ɗaga hannu daga nesa, ya shiga wajen wata mai tuwo a ƙarshen layi. Ni a ganina asarar tasa ce. Ita ba haka take gani ba, kuma wannan ma yana ba ni haushi. Kwanan baya ya wuce, ta bi shi da ido, ludayi a hannu, har ya ɓace.

"Malam Sale, ka ga kamar ya rame?"

Na miƙa mata kwano na ce ta ƙara min wake.