Rabin Kwanon Inji

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu ina ɗan shekara goma sha shida. A hutun daminar shekarar ne kawuna ya ɗauke ni aiki a injin niƙansa, a ƙauyenmu ta wajen Sandamu. Har yau in na ji ƙamshin gari mai ɗumi gauraye da warin man gas, can zuciyata take komawa. Aikina na farko jera kwanuka ne, in rubuta sunan kowane gida da ajami a gindin kwano, da gawayi, kada niƙa ya musanye.

Akwai abin da wanda bai yi aikin inji ba bai sani ba. Kullum da yamma ana kwance shi a share tas. Don haka da safe, duk wanda aka fara niƙa wa, sai injin ya riƙe wani abu daga garinsa ya cike lungunan cikinsa, kafin ya fara saki daidai. Shi ya sa Kawu yake fara zuba rabin kwanon geronsa kafin ya taɓa na kowa.

"Inji ma yana karin kumallo," in ji shi, "amma ba da hatsin mutane ba."

Da noma ya kankama sai ya bar mini safiya, yana auna mini rabin kwanon kullum kafin ya wuce gona. Ni kuwa ina kiwon tantabaru, ga hatsi ya yi wuya a gida kamar kowace damina. Sai na riƙa kai musu geron. Na gaya wa kaina ai hannuna bai shiga kwanon kowa ba, kuma gaskiya ne, bai shiga ba.

Mai zuwan farko kullum wata dattijuwa ce da muke kira Iya. Aikatau take yi a gidan wani Alhaji dillalin shanu, ita ke kawo geron furarsu. Matar gidan kuwa mai awo ce, takan auna hatsi in zai fita, ta auna gari in ya dawo. Bayan 'yan makonni Iya ta daina zuwa. A bakin matan da ke layi na ji dalili.

"An sallame ta. Wai tana rage gari a hanya."

"Haba, Iya? Wadda ko allura ta tsinta sai ta yi cigiya?"

"To ina garin yake zuwa? Fiffike gare shi?"

Ina durƙushe ina gyara bel ɗin inji, ban ɗago ba. Washegari na koma zuba wa inji rabonsa, na ɗauka na tuba ke nan.

Shekara tara na yi da wannan shirun. Ina koyarwa a wata Islamiyya a Daura, ran nan na zo kan bayanin cewa haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari sai an mayar wa mai shi. Yara suna maimaitawa, ni kuwa sai Iya ta faɗo mini a rai. Ranar Alhamis na ɗaura buhun gero a babur na nufi ƙauye.

Na tarar da Iya a inuwar danga tana saƙar faifai, ido ya yi rauni. Na gaishe ta, na faɗa mata komai. Ta miƙa hannu ta shafa buhun.

"Wannan na wa, ɗan nan?"

"Naki ne, Iya."

"Ai ba gerona ka ci ba, na gidan Alhaji ne. Ni sunana ka ci. Tun daga shekarar ba gidan da ya sake ba ni riƙon ko ludayi." Ta laluba sandarta. "Tashi mu je."

Muka bi tsakiyar gari da rana tsaka, tana gaba, ina tura babur a baya. A ƙofar gidan ta sa na yi sallama har sau uku, sai da maƙwabta suka leƙo. Matar gidan ta fito zaure, na maimaita abin da na faɗa.

"Ɗaga murya, Malam," in ji Iya. "Lokacin da aka ce na yi sata ba a hankali aka faɗa ba."

Na ɗaga. Matar gidan ta rufe baki da mayafi, ta durƙusa tana neman gafara. Iya ta ce in sauke musu buhun. Sai da muka juyo ta ce, "Yanzu na yafe maka, duniya da lahira." Muka ɗan taka, ta ƙara da cewa, "Tantabarun dai sun yi ƙiba?"

"Sun yi, Iya."

Allah Ya jiƙanta, bara waccan ta rasu. Yau injuna sun cika kowace unguwa, ban san ko da sauran mai zuba rabin kwano ba. Ni dai in na aiki wani niƙa da sassafe ya dawo da gari ragagge, ba na tambayarsa.